Kwali ba ya sayar da albasa

A watan Nuwamban 2024 aka rantsar da Muhammad Maigari Dingyaɗi a matsayin Ministan Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi na tarayya. Garin da yake ɗauke da sunansa, a ƙaramar hukumar Boɗinga ta jihar Sakkwato, yana da abin da kowane gari tsakanin Boɗinga da Shagari yake da shi a yau: samari da 'yan mata da suka gama jami'a ko kwalejin fasaha, suka yi hidimar ƙasa, suka dawo gida da kwali a jaka. Daga cikinsu akwai waɗanda suka karanci kasuwanci da talla a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Da su nake magana, domin ana ba su shawara iri biyu kan neman aiki, kuma kowace daga cikinsu tana cinye musu shekaru.

Ta farko a majalisar ƙofar gida ake ba da ita. Ɗan gari ya samu kujera, in ji su, sai a nemi wanda ya san wanda ke kusa da shi, a miƙa takardu, a jira gurbi. Ta biyu a waya take zuwa, cikin Turanci mai santsi: gyara takardar tarihin karatu da aikinka, wadda ake kira sibi, buɗe shafi a LinkedIn, riƙa wallafa rubutu kullum don a san da kai, biya kuɗin wani kwas na intanet, aika takardar neman aiki ga kamfanoni ɗari. Masu shawarar farko suna ganin na biyu 'yan yaudara ne, na biyu kuma suna yi wa na farko kallon mutanen da. Amma a gindi abu ɗaya suke koyarwa, wato aiki wani abu ne da ke ajiye a bayan wata ƙofa, naka kawai ka iya ƙwanƙwasawa. Ga wanda ya karanci wani fanni daban, wannan rashin dabara ne. Ga wanda ya karanci talla, saɓa wa darasin farko na sana'arsa ne.

Lissafin gurbi

Mu fara da ƙofar gwamnati. A ƙarshen 2024 Hukumar Kwastam ta sanar da gurabe 3,927, mutum fiye da 570,000 suka nema. A raba a gani: kowace kujera ɗaya tana da masu nema sama da 140. Shekara goma kafin nan, ranar 15 ga Maris 2014, Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na ƙasar, bayan an karɓi naira 1,000 daga kowannensu, aka yi turmutsutsu, mutum fiye da goma suka rasu. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu a bainar jama'a kan yadda ake sayar da guraben aikin tarayya da kuɗi. Wannan ita ce ƙofar da ake cewa matashi ya zauna a bakinta.

Ko da ministan yana so, ma'aikatarsa ba ita ke ɗaukar ma'aikatan tarayya ba. Akwai hukumar da tsarin mulki ya ɗora wa wannan. In ma an ce wani babba zai iya sama wa mutum biyar ko goma wuri, masu kwali a Boɗinga kaɗai sun ninka haka sau da yawa. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa wa ɗalibin talla ba: gwamnati ba ta sayar da sabulu ko taki don riba, saboda haka ba ta da buƙatar gwanin jawo mai saye. Idan ya yi sa'a ya shiga, teburi za a ba shi da fayil, abin da ya koya kuwa ya bushe a kansa.

Shawarar da aka ɗinka wa wani

Shawarar waya riga ce da aka ɗinka wa mutumin Landan ko Legas. Tana aiki a inda kamfanoni ke da sashen ɗaukar ma'aikata, suke sanar da gurbi a fili, suke tace takardu da kwamfuta. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna cikin ɓangaren da ba na ofis ba ne, inda babu takardar ɗauka balle intabiyu. Idan haka lamarin yake a ƙasa baki ɗaya, sai a kwatanta yadda zai kasance a Sakkwato.

Kamfanonin da ke da manyan sassan talla, irin su Nestlé da Unilever da MTN da Dangote, a Legas hedkwatocinsu suke. A can ake tsara talla, a can ake raba kasafinta, a can kamfanonin shirya talla suka taru. Abin da ke isowa Sakkwato shi ne ƙarshen igiyar: dila, da motar rarraba kaya, da wakilin da ke zagaya shaguna. Matashin Dingyaɗi da ya kwana yana goge sibinsa don kujerar Ikeja yana takara ne da dubban da suka yi horon aiki a cikin ginin, alhali ya bar wurin da ya fi kowa sani babu mai tsaro.

A kuma tambaya, wa ke cin ribar wannan shawara? Mafi yawan lokaci mai sayar da kwas ne. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi wa duk wanda ya ce zai koya maka talla a kan kuɗi: a tambaye shi abin da ya taɓa sayarwa ban da kwas ɗin. Idan ya fara kewaye-kewaye, an samu amsa.

Mafi muni su ne tarkunan da ke sanye da sunan aikin talla. Akwai na wasu bankuna, inda ake ɗaukar matashi ta hannun ɗan kwangila, a kira shi maketa, a gindaya masa adadin ajiyar da zai kawo kowane wata, ya cinye mutuncin danginsa da abokan mahaifinsa wajen roƙo, ranar da suka ƙare a sallame shi. Akwai na masu cewa ka sayi kaya ko ka biya kuɗin rajista, sannan ka kawo mutum biyu su ma su kawo biyu-biyu. Wanda ya ga yadda MMM ta rufe a Disambar 2016 da yadda CBEX ta nutse da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 ya san ƙarshen duk ginin da aka ɗora a kan kawo sabbin mutane. Ƙa'idar gajeriya ce: duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a ɗauke ka, kai ne hajar da ake sayarwa.

Abin da littafin aji ya ce

Abin mamaki, maganin yana cikin abin da aka koyar a aji. Tun 1960 wani malami Ba'amurke, Jerome McCarthy, ya tattara sana'ar a kan ginshiƙai huɗu da kowane ɗalibi ya haddace don jarrabawa: haja, farashi, wurin sayarwa, da tallatawa. A lura, tallatawa ce ta ƙarshe. Kafin a buga ganga sai an san abin da ake sayarwa, da wanda ke buƙatarsa, da inda yake, da abin da zai iya biya. Mai neman aiki da ya fara da ƙawata sibi ya fara da ginshiƙi na huɗu, ya tsallake uku. Da ɗalibi ya yi haka a jarrabawa, da ya faɗi.

To, wa ke buƙatar gwanin talla a tsakanin Sakkwato da Boɗinga da Shagari da Yabo? Dilolin siminti da ke ɗauko kaya daga masana'antar BUA ta Kalambaina. Masu sayar da taki da iri da maganin feshi. Fataken albasa da tafarnuwa. Masu injinan gyaran shinkafa. Masu sayar da faifan sola da batir. Makarantu masu zaman kansu da shagunan magani. Kamfanonin hada-hadar kuɗi irin su Moniepoint da OPay, waɗanda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya buɗe wa ƙofar kowace kasuwar ƙauye, kuma har yau suna buƙatar wanda zai shawo kan mai shago ya karɓi na'urarsu.

Mafi yawan waɗannan ba za su taɓa buga sanarwar neman ma'aikaci ba, kuma ba su san suna neman "jami'in talla" ba. Abin da suka sani shi ne ciwonsu: kaya sun kwana a sito, bashi ya maƙale a hannun 'yan kiri, abokin ciniki ya koma wurin maƙwabci ba a san dalili ba, dillali ɗaya a kudu ya riƙe musu wuya saboda ba su san wani ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin talla ne da ba a raɗa masa suna ba.

Yadda suke ɗaukar mutum kuma tsoho ne, ya girmi sibi da ɗaruruwan shekaru. Fataucin goro zuwa Gwanja a kan maigida da yaransa ya tsaya: a jarraba yaro da ƙaramin kaya, in ya dawo da lissafi daidai a ƙara masa, har ranar da za a yanka masa jari. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a wannan hanya ya taso, kuma da irin wannan sarƙa ta wakilai ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano. Masanin zamantakewa Abner Cohen, da ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi yana tafiya a kan bashi ba tare da banki ko kotu ba, amanar maigida da shaidar dillali ne kaɗai jingina. Kasuwar Hausa ba ta taɓa ɗaukar mutum don abin da ya faɗa game da kansa ba. Abin da aka gani a hannunsa take dubawa, da wanda zai tsaya masa.

Wata uku a ƙasa

Ga abin da ya fi takardun neman aiki ɗari. Ka zaɓi haja ɗaya, ɗaya tak, wadda ake ciniki a yankinku. Ka sayi littafin rubutu. Ka yi wata guda kana bin kasuwanni ranar cinsu, kana tambaya kana rubutawa: wa ke sari, wa ke kiri, nawa aka saya, nawa aka sayar, nawa mota ta ci, wane iri manomi ke nema ba ya samu, wane shago ne ya daina karɓar kayan wane kuma me ya sa. Wannan shi ne binciken kasuwa da aka koya maka da manyan kalmomi, sai dai yanzu da ƙafarka kake yin sa.

A wata na biyu ka je wurin dila ɗaya da abu ɗaya da ka gano wanda shi bai sani ba. Kada ka ce masa kana neman aiki, domin ya ji wannan sau goma a makon. Ka ce masa, alal misali, akwai ƙauyuka kaza da ke tafiya har Sakkwato sayen maganin feshi saboda babu mai kai musu, kuma ka san masu shago kaza da za su karɓa in an ba su a kan farashi kaza. Ka nemi ya jarraba ka na wa'adi ƙayyadadde a kan la'ada. Ɗan kasuwa yana jin tsoron albashi domin nauyi ne na kowane wata, la'ada kuwa daga ribar da ka kawo take fita.

A wata na uku ka riƙe lissafi kamar ranka: kwali nawa aka fitar kafin ka zo, nawa bayan ka zo, sabbin shaguna nawa, bashi nawa aka karɓo. In wa'adi ya cika, ko dai ya riƙe ka, ko ka tafi da alƙaluma da mutumin da zai ɗaga waya ya shaide ka. A nan ne sibi ke samun abin faɗa. Ranar da wani babban kamfani zai nemi wakilin da zai riƙe masa Sakkwato da Kabi da Zamfara, manajan da ke tace takardu zai ga ɗari da ke cewa "mai ƙwazo ne, mai iya hulɗa da jama'a", ya ga ɗaya da ta ambaci sunayen kasuwanni da adadin shagunan da aka buɗe. Ba sai an faɗi wadda zai ware ba. LinkedIn ma a sannan yake da amfani, domin an samu kayan da za a baje a kansa.

Albasa ta isa misali. Kowa a Sakkwato ya san tana faɗuwa warwas lokacin girbi, ta yi tsada a ƙarshen shekara, kuma mai yawa tana ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. A Yunin 2021 ƙungiyar manoma da fataken albasa ta dakatar da kai kaya kudu saboda asarar da 'ya'yanta suka yi a hanya, abin da ya nuna yadda arzikin manomi ke rataye da hanyoyi kaɗan da masu saye kaɗan. Matashin da zai iya ware albasa daraja-daraja, ya ɗauki hotonta, ya samo mai otal ko mai sari a Abuja ko Fatakwal da zai saya kai tsaye, ya bibiyi mota har a sauke a biya, ya yi abin da farfesa zai kira sarrafa hanyar rarraba kaya. Falke kuwa zai kira shi yaron kirki, ya riƙe shi da hannu biyu.

Akwai kuma jarin da ake rainawa, wato harshe. Tallar da aka rubuta da Turanci a Legas aka fassara a gurguje tana isowa kunnen Basakkwace kamar baƙon da ya ɓata hanya. Wanda ya san inda ake cewa "wanga" da "mi", ya san lokacin da manomi ke kunna Rima Radio, ya san cewa saƙon murya a WhatsApp ya fi rubutu isa ga mai shagon da bai yi boko ba, yana da abin da ba a koyarwa a kowane kwas na intanet.

Abin da za a ce

Za a ce, shekara huɗu a jami'a sannan a koma bin kasuwar ƙauye da littafi? Wannan kunya ce ta gaske, kuma tana da tushe. A Hausa kalmar talla tana tuna wa mutum yarinya da faranti a ka, wadda ya kamata a ce tana aji. Iyayen da suka sayar da amfanin gona suka biya kuɗin makaranta suna son su ga ɗansu a ofis. Amma a auna kunyar biyu: ta wata uku a kasuwa da littafi a hannu, da ta shekara biyar ana karɓar kuɗin data a hannun uwa. Ilmin kuma bai tafi a banza ba. Shi ne bambancin wanda ke bin kasuwa yana kallo da wanda ke bin ta yana lissafi.

Za a ce 'yan kasuwa za su ci gumin matashi su hana shi haƙƙinsa. Wasu za su yi, shi ya sa ba a shiga sai da sharaɗi: la'ada nawa, a kan me, yaushe za a biya, wa'adi ya ƙare yaushe, a rubuce, da shaidu biyu da ɓangarorin ke jin nauyinsu. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Dilan da ya ƙi a rubuta ya riga ya gaya maka yadda zai biya ka.

Za a ce wannan shawarar maza ce, mace ba za ta iya yawon kasuwanni ba. Gaskiya ne hanyarta ta fi ƙunci, amma tana da ƙofar da ke rufe ga kowane namiji. Rabin masu saye suna cikin gida, kuma a can ake yanke shawarar sabulu da man girki da kayan yara da kayan ɗaki. A cikin gidajen nan ake yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da turaren wuta da ɗinki. Dillaliya ta daɗe tana cin wannan kasuwa ba tare da kwali ba. Mai digirin da ta haɗa shigar dillaliya da iya lissafi da waya, ta tattara kayan mata goma a ƙarƙashin suna ɗaya da awo ɗaya da farashi ɗaya, ta kafa abin da kamfanoni ke kashe miliyoyi suna nema.

Za a ce, a ƙarshe, wannan sauke wa gwamnati nauyi ne a ɗora wa matasa. Ko kusa. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2022 ya sa Sakkwato a kan gaba, da kimanin kashi 90 cikin 100 na jama'arta. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, rashin tsaro a gabashin jihar ya gurgunta kasuwanni, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Babu gwanin tallar da zai sa wanda ba shi da kuɗi ya saya. Waɗannan haƙƙoƙi ne a wuyan masu mulki, kuma abin da ya dace mutanen Boɗinga su nema daga duk wani nasu da ke kan kujera ke nan: hanya, da tsaro, da wuta, da rumbunan ajiyar albasa na zamani, da horon Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa da zai isa ƙauye da gaske. Gurbi ɗaya gida ɗaya yake ciyarwa, kasuwa mai rai kuwa tana ɗaukar ɗaruruwa. Jami'o'i da kwalejoji su ma suna da laifi, domin suna tura ɗaliban kasuwanci horon aiki a sakatariya su yi wata da watanni suna ɗaukar fayil, alhali Tsohuwar Kasuwa da Kara suna cikin gari ɗaya da su.

Sai dai matashi ba zai jingine rayuwarsa har a gyara duk wannan ba. Shekarun da ke tsakanin ashirin da biyar da talatin ba sa dawowa, kuma guraben gwamnati da na bankuna da yawa suna da iyakar shekaru, ta yadda mai jira yakan tsufa a bakin ƙofar da yake jira. Wanda ya karanci talla yana da abin da mai digirin wasu fannoni ba shi da shi: sana'arsa ba ta buƙatar ɗakin gwaji ko injin miliyoyi kafin a nuna an iya ta. Littafin rubutu, da biro, da kuɗin mota zuwa kasuwa mafi kusa sun isa a fara a wannan makon.